Chamsia Mai Turare da Kunnen Ɗiyarta

Duk wanda zai yi wa Chamsia magana a unguwar Mahdiya ya san ta inda ake tsaya mata. Ta dama. In ka tsaya ta hagu, ko sau uku ka kira sunanta, za ta ci gaba da juya itacen turare a cikin tukunya, fuskarta a sake kamar wadda ke sauraren wani abu daga nesa. Baƙi sukan ɗauka jan aji ne. Maƙwabta kuwa sun saba, sai su zagayo ba tare da sun ma san sun zagayo ba.

Kunnen hagun ya mutu tun tana ƴar shekara shida, a wani ƙauye gabas da Tanut, can ƙasar Nijar. Abin da take iya tunawa ba shi da yawa. Ta yi mura, zazzaɓi ya biyo baya, sai wani ciwo da ya sa ta riƙa goga kanta a tabarma. Wata safiya ta tashi ta tarar zanen da ta yi matashi da shi ya jiƙe da wani ruwa mai kauri, ciwon kuma ya tafi kamar an zare shi. Kakarta ta yi hamdala, ta ce mugun abu ya fito. Aka narka man shanu aka ɗiga mata, aka toshe da auduga. Ruwan nan ya yi ta zuwa yana ɗaukewa, shekara ta bi shekara, har ranar da ta lura cewa in ta kwanta a kan kunnen dama, zakara ba ya cara a garinsu.

Sai dai kunnen bai yi shiru gaba ɗaya ba. Akwai wani siririn sauti a cikinsa, mai tafiya yana dawowa, irin na igiyar guga tana gogar itacen bakin rijiya. Rijiyar garinsu mai zurfi ce, da raƙumi ake jan ruwanta, kuma Chamsia ta yanke wa kanta cewa ita take ji. Ko a nan Sabha ta ƙasar Libiya, in ƙarar janareto da ta masu walda da ta motocin sahara suka cika mata kai, takan dafe kunnen dama da tafin hannu ta lumshe ido. Nan take sai ta ga farar ƙasa, da gawo guda ɗaya, da mata zaune a kan jarkoki suna jiran layi. Mijinta Karimoune kan ce ita kaɗai ya sani mai zuwa ganin gida ba tare da ta hau mota ba.

Turare kuwa a Damagaram ta koya, wurin gwaggonta da ta riƙe ta bayan rasuwar kakar. Gwaggon ta ce abin da Allah ya rage mata a kunne ya mayar mata da shi a hanci, kuma ba ta yi ƙarya ba. Tana ƴar shekara goma sha biyu ta iya bambance sandal na gaskiya da itacen da aka shafa wa mai, ido rufe. Ta koyi gasa farce, ɓawon nan na halittar teku da ake sa wa turare, har ƙarninsa ya fita. Ta koyi dakan kajiji, da narka sukari har ya yi ja bai ƙone ba, sannan a zuba itace a juya, a sauke, a bi shi da turarukan ruwa, a rufe a kwalba a manta da shi kwana bakwai. Abu na ƙarshe da gwaggon ta koya mata shi ne gwaji. Ba a sayar da turaren da ba a gwada ba, kuma ba a gwada shi a fili. A ɗaki ake yi. A rufe ƙofa, a rufe taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a zuba a kasko, a zauna tare da shi. Ƙamshin farko ko itacen banza ya iya shi, in ji gwaggo. Wanda ake nema shi ne na bayan rabin sa'a, lokacin da hayaƙi ya gama yawo ya kwanta a labule da tufafi.

Da wannan ilimin ta ƙetaro sahara shekara bakwai da suka wuce, ta iske Karimoune, wanda magini ne, ya riga ta zuwa da shekara biyu. Suka kama ɗaki ɗaya a gidan Hajja Fatma, wata dattijuwa ƴar asalin Sabha, wadda mijinta ya yi shekara talatin yana fataucin Agadas, ya rasu ya bar mata gida da Hausar kasuwa. Hajja ce ta fara shaƙar abin da ke ɓullowa daga ɗakin ƴan hayarta. Ta zo a fusace, a zatonta gobara za a ja mata, ta koma da kwalba a hannu. Kafin wata uku matan Sabha, waɗanda su ma ba sa rabuwa da nasu turaren wutar da suke kira bahur, sun san hanyar ɗakin. Har daga ƙauyukan Wadi Bawanis ake aiko direba ya karɓo wa amarya.

Ɗiyarsu Raïhanatou ta zo bayan shekara biyar ana jira. A cikin wannan ɗakin ta buɗe ido, kuma abu na farko da ta fara bi da kallo shi ne hayaƙi. Akwai wata tsaga a jikin taga inda rana ke shigowa da hantsi, siririya kamar zare, hayaƙin kuma ya riƙa naɗewa a jikinta yana warwarewa. Yarinyar kan kwanta a katifa tana miƙa hannu ta kama, tana dariya in ya kuɓuce. Chamsia na kifa kwando a kan kasko ta shanya rigunanta a kai. In ta yi mata wanka, ta naɗe ta a tawul ta gitta da ita ta saman hayaƙin sau uku, yadda aka yi wa kowane jariri a gidan gwaggo. Mata masu zuwa saye sai su yi ta miƙa yarinyar hannu zuwa hannu suna sunsunar wuyanta, suna cewa ga amarya tun kafin ta yi haƙori.

Sanyin Sabha ba na wasa ba ne. Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu ƙofar ɗakin a rufe take wuni, ga kaskon turare a wannan kusurwa, ga kaskon shayin Karimoune a waccan. Raïhanatou ba ta rabuwa da mura. Hajja ta ce haƙori ne. Karimoune ya ce iskar Libiya ce, ko shi da yake ƙato tana kayar da shi.

Tana da wata goma kunnen ya fara. Ta yi ta jan sa tana kuka, jiki da zafi. Uban ya je saidaliya, wato kantin magani, ya dawo da kwalbar siro, maganin sha na yara. Kwana uku aka ba ta, ta warware, Chamsia ta ɗora sauran a saman kwaba don wata rana. Wata ranar ta zo bayan wata huɗu, aka sauko da kwalbar aka ƙarasa. Ba wanda ya yi dogon tunani. Yara suna ciwo, yara suna warkewa.

Na uku ya zo a Janairu, saura wata biyu yarinyar ta cika shekara biyu. Lokacin Chamsia na kan wani babban aiki: bikin wasu mutanen garin Ghuddwa, haɗi iri huɗu, kowanne sai an gwada an gyara an sake gwadawa. Kullum ɗakin a toshe. Raïhanatou ta ƙi nono, ta ƙi kunu, in an kwantar da ita ta gefen hagu sai ta ƙanƙame jiki ta tsala ihu. Kwana biyu a haka.

Safiya ta uku, bayan Karimoune ya fita aiki, Hajja Fatma ta shigo riƙe da cokali, tana takawa a hankali kada ya zube. Man zaitun ne ta ɗumama. Ta ce da shi ta raini ƴaƴa takwas, kuma ba wanda kunnensa ya faɗi ƙasa. Ta miƙa wa Chamsia cokalin, ta duƙa ta ɗago yarinyar daga katifa. Sai ga Raïhanatou tana murmushi, karon farko cikin kwana uku, tana kai hannu ga ɗankwalin tsohuwar. A kan matashin akwai tabo rawaya, faɗin tafin hannu.

"Alhamdu lillahi," in ji Hajja. "Kin gani, binti? Mugun abu ya fita da kansa. Kawo mai mu sa, mu rufe da auduga, halas, an gama."

Chamsia ta matso da cokalin. Kafin hannunta ya kai, hancinta ya riga shi. Ƙarƙashin sandal, ƙarƙashin miski da hawi da duk abin da ta yi shekara biyu tana turara wa yarinyar nan, akwai wani wari daban, mai nauyi, mai ɗan tsami. Ta san shi. Ta yi shekara fiye da ashirin ba ta ji shi ba, amma ta san shi kamar yadda ake sanin muryar ɗan gida a bayan katanga. Ɗakin ya ja da baya. Igiyar gugan nan ta cika mata kai, ta ga hannun kakarta mai jijiyoyi yana murza auduga, ta ji ɗumin man shanu yana gangarawa.

Ta ajiye cokalin a bakin kasko.

"Hajja, haka kakata ta ce. Ko kalma ɗaya ba ki canza ba."

"To ai kakarki mai hankali ce."

"Mai hankali ce, Allah ya jiƙanta. Zagayo ta nan, Hajja. Ba na jin ki ta can."

Tsohuwar ta buɗe baki, ta dubi kunnen Chamsia, ta dubi na yarinyar da ke hannunta. Ta je ta ɗauko mayafinta, ta ce za ta raka su, don Larabcin Chamsia na sayar da turare ne, ba na gaban likita ba.

A ƙaramin asibitin unguwa likita ya haska kunnen da ƴar fitila, ya rubuta magani, ya bar su da wata ma'aikaciya mai suna Anissa. Uwar Anissa mutuniyar Bilma ce, don haka tana da Hausa, irin wadda ba ta damu da namiji ko mace ba, amma tana isar da saƙo. Ta zauna ta damar Chamsia bayan Hajja ta yi mata nuni da ido, ta yi bayani a tsanake. Ta ce a can cikin kunne akwai wata ƴar fata siririya da ke karɓar sauti. In mura ta yi tsanani, mugunya kan taru a bayanta ta riƙa turo ta, shi ne ciwon. Ranar da fatar ta gaza ta huje, ruwa ya fito, ciwo ya tsaya, mutane su ce an warke. Ta ce hujin Raïhanatou ƙarami ne. In aka bar kunnen a bushe, aka sha magani har ƙarshe, da kansa zai haɗe. In kuwa aka ɗiga mai, ko ruwan wanka ya shiga, ko aka toshe da auduga, wurin zai zauna a jiƙe, hujin ya ƙi rufuwa, ji ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan ba a lura ba.

Ta ɗauko wani tsabtataccen ƙyalle mai laushi ta murza bakinsa ya yi tsini kamar lagwani, ta sa a ƙofar kunnen, ta jira ya tsotse, ta cire, ta sa wani, har ya fito a bushe. Sau uku a rana, in ji ta. Ban da tsinken ashana, ban da gashin kaza, ban da tsinken auduga na kanti. Siro kwana goma cif, ko da yarinya ta tashi tana rawa a rana ta uku. In bayan kunne ya kumbura, ko zazzaɓi ya dawo, ko ta yi laushi ta ƙi shan komai, kada a jira gobe. Ta karɓi katin rigakafi ta duba, ta ga allura ɗaya da aka tsallake, ta rubuta ranar da za a dawo a yi.

Sai da ta miƙo yarinyar ne ta tsaya. Ta kai hancinta ga rigar, ta sake kaiwa ga gashin kai.

"Wa yana shan taba a gida?"

"Ba kowa."

"Wannan fa?"

"Turare ne, Malama. Sana'ata ce."

"Kullum?"

"Kullum."

"Ƙofa buɗe?"

Hajja ce ta amsa, ta ce a rufe, har da tsumma a ƙasa, ga kuma gawayin shayin mijin.

Anissa ta ce tsakanin bayan hanci da kunne akwai wata ƴar hanya da iska ke bi. Ta babba tana da tsawo da faɗi. Ta ƙaramin yaro gajera ce, siririya kamar tsinken tsintsiya, abu kaɗan ke toshe ta. Hayaƙi na kumbura ta, ta toshe, ruwa ya taru a ciki, mura ta samu wurin zama. Shi ya sa ciwon ke tafiya yana dawowa. Chamsia ta ce ai wannan ba hayaƙin murhu ba ne. Da shi ake tarbar jariri, da shi ake kai amarya, da shi ake gyara ɗakin mai jego. Ta faɗi sunayen itatuwan ɗaya bayan ɗaya kamar mai kawo shaidu.

"Hanci naki ya ce ƙamshi," in ji Anissa. "Kunne na yarinya bai san ƙamshi ba. Hayaƙi kawai ya sani."

Har sun miƙe za su tafi, Chamsia ta dawo ta zauna, ta ture ɗankwalinta daga gefen hagu. Ta ce a taimaka a leƙa mata nata. Anissa ta haska, ta daɗe tana kallo, sannan ta kashe fitilar.

"Wannan ya daɗe da tafiya, ƴar'uwa. Na ɗiya bai tafi ba tukuna."

Da Karimoune ya dawo kafin magariba, fari fat da siminti, ya tarar ƙofa da taga a buɗe, katifa a tsakar gida, labule a cikin baho. Ta ba shi labari. Ya ce shi dai an yi masa gata, shekara bakwai yana zuwa wurin gini yana ƙamshi, har abokan aiki sun laƙaba masa Amarya, in ya hau tsani su ce a yi hankali kada lalle ya goge. Yana cikin dariya ta nuna masa kaskon shayinsa da ta ajiye a bakin zaure. Dariyar ta tsaya. Ya tambaya ko a cikin wannan sanyin, ta ce a cikin wannan sanyin. Ya ɗauki bargo ya fita yana gunaguni cewa an kori magini daga ɗaki, shi da yake gina wa mutane ɗakuna.

Washegari ta bar yarinyar wurin Hajja ta hau saman soro da kasko da kwalabe. Daga can ana ganin rufin gidajen Mahdiya da tankunan ruwa, da kawunan dabino can nesa, sannan rairayi har inda ido ya ƙare. Ta zuba turare a wuta. Hayaƙin ya miƙe tsaye kamar zai gaishe ta, iska ta zo ta ɗauke shi ta yi kudu da shi. Ta sake zubawa. Ta duƙa ta kare da mayafi, ta sa fuska har idonta ya yi ruwa. Ƙamshin farko kawai take samu, wanda ko itacen banza ya iya. Kwana uku tana hawa tana saukowa, haɗi huɗu na gabanta, ba ta san wanda ya nuna da wanda bai nuna ba. Biki saura kwana goma sha biyu, kuma tunda ta fara sana'ar nan ba ta taɓa miƙa wa mutum kwalbar da ba ta san cikinta ba.

Rana ta huɗu da hantsi, Raïhanatou na barci a ɗakin Hajja, gidan tsit. Chamsia ta shiga ɗakinta da kasko. Sau ɗaya dai. Rabin sa'a, ta buɗe ko'ina, kafin yarinya ta farka iska ta share. Ta rufe taga, ta rufe ƙofa, ta durƙusa ta cusa tsumma a ƙasa. Zaren ranar nan ya shigo ta tsagar taga ya tsaya yana jira. Ta ɗebo turaren a yatsu uku. Daidai nan idonta ya faɗa kan ƴar katifar, da matashin da ta wanke, da ƴan lagwanin ƙyalle da ta murza ta jera a faranti. Ta tuna abin da take nema a gwajin: ƙamshin da ke kwanciya a tufafi ya ƙi tashi. A kansa yarinyar za ta ɗora kunne yau, da gobe, da jibi. Ta daɗe a durƙushe. Daga baya ta mayar da turaren kwalba, ta zare tsumman, ta fita da wutar.

Da yamma ta gaya wa mijin za ta aika wa mutanen Ghuddwa su nemi wata. Shi kuwa ya tambaye ta faɗin ɗakin da turare ke buƙata. Ta ce ba ta taɓa aunawa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya riƙa hawa soro da gutsattsarin bulo da aka zubar a wurin aikinsu. Ya yi wani ɗan gini iya ƙugu, ya shafe cikinsa sumul, ya kafa ƙusa uku a sama. Ƙofa kuwa, murfin wani mataccen firiji ya samo, mai roba a gefe, in an rufe ko numfashi ba ya fita. Hajja ta hau da ƙyar ta gani, ta ce ba ta ba da hayar soro don kiwon kaji ba. Karimoune ya ce kajin nan ba sa cin hatsi, Hajja, kuma za su riƙa yi miki ƙamshi.

Chamsia ta rataye ƙyalle uku a ƙusoshin, na auduga, na leshi, da guntun bargo. Ta sa kasko, ta rufe, ta zauna a inuwar tankin ruwa ta dafe kunnen dama. Ta je garinsu ta dawo. Da ta buɗe murfin ta ja baya har hayaƙin ya wuce, ta ɗauko ƙyallen audugar ta kai hanci. Haka ta bi haɗin ɗaya bayan ɗaya. Haɗi na biyu sukari ya yi masa yawa. Na huɗu yana son ƙarin kajiji. Ta ji su sarai, fiye ma da yadda take ji a ɗaki, inda ƙamshin jiya ke shiga cikin na yau. Ta ware riga ɗaya ta aikin soro, tana tuɓe ta a kan matakala kafin ta sauko ta ɗauki ɗiyarta.

Siron kuwa, ƙwallon dabino goma ta zuba a kofi don ƙirga kwanakin shansa, kowace safiya ta fitar da ɗaya. A rana ta huɗu ruwan kunnen ya ragu, yarinya na bin kyanwar Hajja da gudu. Karimoune ya ɗaga kwalbar ya duba, ya ce ai ta warke, a ɗora sauran a kwaba don gaba. Chamsia ta karɓe ta ce wannan kwalbar ba ta da gaba, a cikin Raïhanatou za ta ƙare. Hajja ma ta shiga tsarin a nata salon. Takan kunna bahur ɗinta ne in yarinyar ba ta kusa, ta buɗe taga, tana mita cewa ta tsufa a gidanta an mayar da ita mai shan taba a ɓoye.

Ɗakin ya ɗauki makonni kafin ya saki ƙamshinsa. Bango ya riƙe, kwaba ta riƙe. Sai a hankali abin ya riƙa janyewa, kamar baƙon da ya daɗe yana sallama. Wata safiya Chamsia ta yi wa yarinyar wanka, ta kare kunnen da tafin hannu kada ruwa ya shiga, ta goge ta, ta ɗaga ta. Ta kai fuskarta ga wuyanta, sai ta tsaya cak. Wani ƙamshi ne da ba ta sani ba, mai ɗumi, tsakanin nono da sabon gero da ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Ta juya shi a hanci tana neman abin da aka haɗa. Ba a haɗa komai ba. Shekara biyu tana goyon yarinyar nan, sai ranar ta ji ƙamshinta.

Amma abin da take jira bai zo ba tukuna. Ruwa ya tsaya, ƙwallayen dabino sun ƙare, an yi allurar da aka tsallake, turaren Ghuddwa ya tafi. In ta kira Raïhanatou ta dama, ta waiwayo. In ta kira ta hagu, sai yarinyar ta ɗaga kai ta duba sama, ta duba ƙofa, ta koma wasanta. Chamsia ta san wannan dube-duben, nata ne. Bayan mako shida Anissa ta haska ta ce hujin ya haɗe, sabuwar fatar kamar ɓawon albasa, amma akwai sauran ruwa a baya, sai ya tsotse da kansa. Ta ce a ba shi lokaci, in wata biyu suka wuce ba canji a dawo. Chamsia ta daina gwadawa, don kowane gwaji sai ya hana ta cin abinci.

Wata ranar Talata ce a ƙarshen Maris, bayan la'asar, sanyi ya tafi zafi bai iso ba. Raïhanatou na zaune a tsakar gida ta ba da baya, tana jera ƙwallayen dabinon nan a kan tabarma. Chamsia ta sauko daga soro, ta tuɓe rigar aiki, ta tsaya tana kallon ƙeyarta. Ba ta shirya ba. Ƙafarta ce kawai ta kai ta bayan yarinyar, ta gefen hagu, taku uku tsakaninsu. Ta yi raɗa, ƙasa-ƙasa, har ita kanta ba ta tabbata sauti ya fita ba.

"Raiha."

Yarinyar ta juyo. Ba ta duba sama ba, ba ta duba ƙofa ba. Ta hagu ta juyo, kai tsaye, da ƙwallo ɗaya a hannu.

Chamsia ta zauna a ƙasa inda take. Raïhanatou ta ɗauka sabon wasa ne. Ta taso ta hau cinyarta, ta kama kanta da hannu biyu, ta manna baki a kunnen uwar na hagu ta yi ta raɗa, doguwar magana, da tsayawa da ci gaba. Chamsia na jin ɗumin numfashin a fatarta. A ciki kuwa igiya ce ke tafiya tana dawowa, raƙumi na ja, guga na tahowa daga ƙasa a cike.

Da yarinyar ta ga ba a amsa ba, ta ja baya ta dubi fuskar uwar da ɗaure gira. Sai ta sauka, ta bi ta bayanta tana dafa kafaɗa, ta zagayo ta dama.

"Inna, dabino."

Chamsia ta ce to, ta tashi ta je ta ɗebo mata.